Mun Tono Baƙar Ƙasa Mai Warin Fetur a Fandisho: Mu Ci Gaba Ko Mu Dakata?

Tambaya: Muna haƙa fandishon bene a wani fili da na saya a bakin titi a Kano. Da aka kai kamar mita ɗaya da rabi, sai jar ƙasa ta juye baƙa, tana maiƙo, tana warin fetur, har leburori biyu suka ce kansu na ciwo. Wani dattijo a unguwar ya ce da can garejin manyan motoci ne, kuma ana sayar da mai a wurin. Birkila ya ce a kwashe a zubar, a cike da burji, a zuba kankare, magana ta ƙare. Mene ne daidai?

Amsa: Malam, a tsayar da haƙa a wannan ɓangaren tun yau, kuma kada tifa ko ɗaya ta fita da ƙasar nan daga filin. Birkilanka bai ɓata gaba ɗaya ba, domin sau da yawa kwashewar ce magani. Kuskurensa shi ne ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. A yanzu ba wanda ya san abin da ke cikin ƙasar, ko inda ya tsaya ta faɗi da ta zurfi, ko ya riga ya kai ga ruwan ƙasa. Muddin tana kwance inda take, matsalar tana da iyaka. Ranar da katafila ta cakuɗa tifa goma ta gurɓatacciya da tifa talatin ta mai kyau, ka tashi da tifa arba'in da duk sai an bi da su a matsayin gurɓatattu, kuma daga aljihunka kuɗin zai fita.

Fara da mutanen da ke cikin ramin. Ciwon kan nan tururin mai ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi ya baje, kwanciya yake yi a gindin rami kamar ruwa, daidai inda mai diga yake sunkuye. A cikinsa akwai wani sinadari mai guba da ake kira benzin, wanda daɗewa ana shaƙarsa ke lalata ɓargo har ya kai ga sankarar jini. Ga saurin kama wuta: idan ya kai wajen kashi 1.4 cikin ɗari na iskar ramin, tartsatsi ɗaya ya isa. Kowa ya fito. A hana shan taba da walda, a janye janareta da injin jan ruwa mai aiki da fetur da murhun mai shayi zuwa aƙalla mita 15 daga bakin ramin. Kafin wani ya sake sauka, a samo na'urar auna iska, a zura ta da igiya har gindi. Idan ta nuna kashi 10 cikin ɗari na matakin da tururi ke iya kamawa da wuta, ko iskar numfashi ta sauka ƙasa da kashi 19.5 cikin ɗari, ba mai shiga. Kada a dogara da hanci, domin gajiya yake yi. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fita daga tsohon masai ko ruɓaɓɓiyar shara, idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, kashe jin warin take yi, sai lebura ya ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta fi haɗari. In wani ya faɗi a ciki, kada na biyu ya diro ya ɗauko shi hannu rabbana. Ta haka ake rasa mutum biyu da uku a rijiya ɗaya. A kira 'yan kwana-kwana.

Tunda an ce an taɓa sayar da mai a wurin, ka ɗauka akwai tanki a binne har sai an tabbatar babu. Alamominsa su ne bututun ƙarfe da ya ɓullo a bangon rami, ko wani murfi a cikin tsohon kankare, ko yashi mai laushi a tsakiyar jar ƙasa, wanda ke nuna an taɓa tonewa an mayar. Idan aka same shi, 'yan gwangwan za su zo da tayi mai daɗi, su ce su yanka su kwashe. Kada ka yarda. Tankin da ake cewa babu komai a ciki shi ya fi fashewa, saboda cike yake da tururi gauraye da iska. Tsarin shi ne a zuƙe ragowar mai da dagwalon da ke gindi, a wanke, a cika shi da ruwa ko a kore tururin, a auna a tabbatar ya fita, a ciro tankin ɗungurungum, sannan a yanka shi a wani wuri. Da damina kuma tankin da aka zuƙe aka bari a rami yana iya tasowa sama idan ruwa ya taru, ya karya bututun da ke jone da shi ya zubar da abin da ke ciki. Ganguna da ba a san abin da ke cikinsu ba, ba a buɗewa, ba a mirginawa, ba a sansanawa.

Ƙasar da aka riga aka tono a raba ta tsibi uku: wadda ido da hanci suka shaida ta gurɓata, wadda ake shakka, da wadda ke da kyau. Biyun farko a ɗora su a kan leda mai kauri, a rufe da tamfol, a danne gefuna da bulo, a ja musu kunya ta ƙasa ko ta buhunan yashi a kewaye don kada ruwa ya wanke su ya malala. A ajiye su aƙalla mita ɗaya daga bakin rami, domin nauyinsu na iya rufta bango, kuma ƙasar da ta sha mai ba ta da riƙo irin na jar ƙasa. Da damina abin tsoro ruwa ne, da rani kuma ƙura, musamman lokacin hunturu da iska ke kwasa ta shiga gidaje. Ruwan da ya taru a ramin ba a zuƙe shi a sake a kwata. A tara shi a tanki ya kwana, a yaɗe man da ya taso, a gwada sauran kafin a san inda za a kai shi. A kewaye wurin da kwano ko waya saboda yara da awaki. Idan wata tifa ta riga ta fita, a nemo direban yau a ji inda ya juye. Irin wannan ƙasar ba ta kwana a bola: ana sayar da ita ciko ga mai ginin gida, ko masu buga tubali su ɗiba, ko ta tafi gona a matsayin taki saboda baƙinta.

A ɗauki hotuna da ma'auni a jiki, a rubuta kwanan wata, zurfi, launi, wari, da sunayen waɗanda suka ji ba daɗi. Idan ɗan kwangila ne ke aikin, ya sanar da kai da injiniyanka a rubuce. A kwangilolin da ke bin tsarin FIDIC, wato tsarin rubuta kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, akwai sashe na 4.12 kan yanayin ƙasa da ba a yi tsammani ba, kuma neman ƙarin lokaci ko kuɗi sai an shigar da sanarwa cikin kwana 28, in ba haka ba haƙƙin na iya faɗuwa. Ƙananan gine-gine galibi da baki ake ƙulla su, to wannan ne lokacin da za a zauna a rubuta wa zai biya kwanakin da aka tsaya, wa zai biya gwaji. Hukuma ma a sanar da ita: ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma tunda mai ne, NOSDRA, mai kula da malalar mai, da NMDPRA, wadda ke kula da gidajen mai tun bayan dokar man fetur ta 2021. Mutane na gudun wannan mataki don tsoron a rufe musu aiki. Amma takardar da ta nuna kai ka tarar da ɓarnar, ba kai ka yi ta ba, ita ce garkuwarka ranar da rijiyar maƙwabci ta fara wari.

Maganar dattijon nan ta fi gwajin farko daraja, domin ɗakin gwaji abin da aka ce ya nema kawai yake nema. A koma wurinsa, a je wurin mai unguwa, a duba tsofaffin hotunan sama a Google Earth, a tambayi ina ramin gyaran mota yake, ina ake juye baƙin mai, ina mai gyaran batir yake zama. Kowace sana'a da irin abin da take bari. Gareji yana barin baƙin mai da dizal da ƙarafa masu guba. Man taransifoma na da yana iya ɗauke da sinadarin PCB, wanda ba ya ruɓewa. A wuraren da ke kusa da masana'antun jima na Sharaɗa, Challawa da Bompai, abin nema shi ne kuromiyam, ƙarfen da ake jima da shi, da gishiri da sinadarin salfet, kuma ana gane wurin da laka mai ruwan shuɗi-shuɗi ko kore, da guntayen fata da gashi da farar ƙasa. Kududdufin da aka cike da shara yana fitar da mitan, iskar da ke kama wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, ga shi kuma yana lotsawa ƙarƙashin gini shekara da shekaru. Fasassun rufin asbesto ba a farfasa su, jiƙa su ake yi a ƙulle a leda biyu.

Wanda ya fi ba ni tsoro a tsohon gareji shi ne wanda ba ya wari, wato dalma. Fetur yana sanar da kansa, dalma ba ta yi. Inda aka yi shekaru ana fasa batir ana narka ƙarfensa, ƙasa na iya zama ja zur, ba maiƙo ba wari, amma guba ce ga yaro. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali: a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje ya baza ƙurar dalma a tsakar gida, yara aƙalla 400 suka rasu, kuma a wasu wurare an auna fiye da miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, alhali ma'aunin da aka yi aiki da shi don wurin zama 400 ne. Hanyar shigarta jiki ita ce hannun yaro mai rarrafe zuwa bakinsa. Don haka ko da warin fetur ne ya tsayar da aiki, dole gwajin ya haɗa da ƙarafa, kuma a ɗebi ƙasar sama ma, ba ta cikin rami kaɗai ba.

Akwai ɗan gwajin da za a iya yi nan take, amma nuni kawai yake yi. A zuba cokali biyu na ƙasar a kwalba mai haske, a cika rabi da ruwa, a girgiza, a ajiye. Idan wani kyalli mai launin bakan gizo ya taso, a taɓa shi da tsinke. Na mai yana sake haɗewa nan da nan. Wanda ya farfashe gutsi-gutsi bai koma ba, galibi na tsatsar ƙasa ne, irin wanda ake gani a fadama. Ba kowace baƙar ƙasa ce gurɓatacciya ba. Haka nan mai ba koyaushe yake baƙanta ƙasa ba: a jar ƙasa yakan mayar da ita ruwan toka ko kore-kore.

Gwaji na gaske aikin masanin muhalli ne, ba na wanda ya yi gwajin ƙarfin ƙasa kafin gini ba. Su biyun tambaya daban suke amsawa, shi ya sa sau da yawa rahoton ƙarfin ƙasa yake fitowa lafiya lau a filin da ke da guba. A fili mai girman fuloti ɗaya ko biyu, a tona ramukan bincike shida zuwa takwas, a fara daga baƙin wurin a riƙa matsawa waje har a samu ƙasa mai kyau ta kowace kusurwa huɗu. A kowane rami a ɗebi samfur a rabin mita na farko, a tsakiyar baƙin, da kuma ƙarƙashinsa inda launi ya koma daidai. A ɗauko ɗaya daga wuri mai tsabta a unguwar don kwatantawa. Kowane tsibi a ɗebi aƙalla uku daga cikinsa, ba daga fatarsa da rana ta busar ba. Na'ura biyu suna rage kashe kuɗi: PID mai shinshinar tururi, da XRF mai nuna dalma da sauran ƙarafa cikin minti ɗaya ko biyu. Da su ake zaɓar samfuran da suka cancanci tafiya ɗakin gwaji.

A nan ne aka fi lalata aiki. Samfurin mai a kwalbar gilashi ake sa shi, a cika ta fal ba sarari, a toshe, a sa a kula da ƙanƙara a wajen digiri 4, a kai shi cikin kwana biyu. Wanda aka ƙulle a baƙar leda aka jefa a but ɗin mota da zafin Afrilu, kafin ya isa benzin ɗin ya gudu, sai sakamako ya fito fes, a yi gini a kan ƙarya. Ba a haɗa ƙasar wurare da yawa a samfur ɗaya idan tururi ake nema, domin juyawar kanta tana kore shi. Na ƙarafa roba ta isa, kuma galibi yana jure watanni. A wanke shebur tsakanin rami da rami. Abin da za a rubuta a nema: jimillar mai da ake kira TPH, rukunin BTEX wanda benzin ke ciki, rukunin PAH saboda baƙin mai, dalma, kadmiyam, kuromiyam gaba ɗaya, da nau'insa na shida wanda ya fi haɗari daban, sai tsamin ƙasa da salfet da gishiri saboda kankare. A gwada ruwan ramin da na rijiyoyi mafi kusa. A zaɓi ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, kuma a tura samfur ɗaya kashi biyu da suna daban. Idan amsoshin biyu suka yi hannun riga, ka san nauyin da za ka ba sauran.

Idan sakamako ya zo, lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Ƙa'idar kare muhalli ta EGASPIN da ake bi a harkar mai a Najeriya ta sa miligiram 50 na mai a kowane kilo na ƙasa a matsayin abin da ake so a kai, da 5,000 a matsayin inda gyara ya zama dole. Tazarar tana da faɗi ƙwarai, kuma a ganina wanda zai zauna da iyali a kan filin bai kamata ya kwanta da 4,000 don kawai bai kai 5,000 ba. A ruwan sha, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne maikirogiram 10 a lita ga benzin, 10 ga dalma, 50 ga kuromiyam. Tambayoyin da masanin zai amsa uku ne: ina gubar take, ta wace hanya za ta bi, wa za ta tarar. Dizal kaɗan a zurfin mita biyu ƙarƙashin wurin ajiye motoci da aka daɓe, ba ɗaya yake da fetur ƙarƙashin ɗakin kwana ba, ko dalma a tsakar gidan da yara ke wasa. Zurfin ruwan ƙasa da irin ƙasar su ma suna canza lissafi. Yumɓu yana tare mai, yashi kuwa sakin sa yake ya gangara ya kwanta a saman ruwa, ya riƙa hawa da sauka da shi tsakanin damina da rani, yana shafe ƙasar da ke tsakani.

Idan wurin ƙarami ne kuma iyakarsa ta fito, kwashewa ta fi sauri. Yi lissafin kafin ka kira tifa. A ce baƙin ya kai mita 10 tsawo, 6 faɗi, 1.5 kauri, ya zama mita kubik 90. Ƙasa tana kumbura da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari idan an tone ta, don haka abin da za a loda zai kai wajen 110, nauyinsa kimanin tan 150 zuwa 160. Sai ka ƙara kuɗin cikon da zai maye gurbinta, wanda za a daddage shi hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20. Wahalar ita ce inda za a kai. Wuraren da aka tanada don shara mai guba ba su da yawa a ƙasar nan, kuma bolar gari ba ta cikinsu. Hukuma ce za ta nuna wuri ko kamfani mai lasisi, kowace tifa ta fita a rufe, da takarda mai nuna lambarta da inda ta sauke, da sa hannun wanda ya karɓa. Doka a kan wannan tana da tsanani. Bayan an jibge dubban gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, a 1988, an kafa doka mai lamba 42 ta wannan shekarar, kuma hukuncin zubar da shara mai cutarwa a cikinta ɗaurin rai da rai ne.

Idan mai ne zalla, ba ƙarafa, kuma kana da sarari da lokaci, ana iya warkar da ƙasar a nan filin, kuma zafin ƙasarmu yana taimakawa. Ana shimfiɗa leda mai kauri da kunya a kewaye, a baza ƙasar kaurin santimita 30, a gauraya da kashin shanu ko na kaji da ɗan takin zamani, a riƙa yayyafa ruwa ta zama da danshi ba caɓi ba, a riƙa kaftu sau ɗaya ko biyu a mako. Bakteriyar da ke cikin ƙasa ce ke cinye man, abin da take buƙata iska ne da danshi da abinci. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 100 na kabon ɗin man, 10 na naitirojin, 1 na fosforas, waɗanda daga takin ake samunsu. Kananzir da dizal suna sauka cikin watanni, baƙin mai yana jan lokaci sosai kuma ba ya ƙarewa tas. Abin da ke kashe aikin: ruwa ya yi yawa ya toshe iska, ko a bar ta ta bushe ƙayau, ko a zabga taki fiye da kima. Ƙasar da ke tashin warin fetur mai ƙarfi ba a baza ta a tsakiyar unguwa, don maƙwabta ne za su shaƙa. Ƙonawa kuwa kada a kusance ta. Hayaƙin ya fi ƙasar illa, kuma ƙona sharar jima yana iya juya kuromiyam nau'i na uku zuwa na shida, wanda ke narkewa a ruwa yana haddasa sankara.

Ƙarafa ba sa ruɓewa ko shekara nawa za a yi. Ko dai a kwashe, ko a ɗaure su da siminti bayan an gwada haɗin a ɗakin gwaji, ko a rufe. A Zamfara kankare saman ƙasa aka yi, wajen santimita 5, aka binne a ramukan da aka tanada, aka kawo sabuwa, saboda gubar daga sama ta sauka. A tsohon gareji takan fi haka zurfi. Idan rufewa aka zaɓa, duk inda ba gini a kai a daɓe shi, inda kuma za a bar ƙasa a shimfiɗa raga mai launi a matsayin alama, a zuba ƙasa mai kyau santimita 60 a kai, don duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya ga alamar ya tsaya. Ba a shuka zogale ko alayyafo a irin wannan wurin sai a cikin tukwane.

Ginin kansa sai an sake duba shi. Kankaren da aka zuba kai tsaye a ƙasa mai maiƙo ba ya kamawa yadda ya kamata a inda suka haɗu, salfet yana kumbura shi ya tsage, gishiri kuma yana cin rodi. Injiniya zai duba sakamakon ya ƙara ƙarfin haɗin, ya rage ruwa, ya ba rodi rufin santimita 5 zuwa 7.5, in salfet ya yi yawa ya nemi simintin da ke jure shi. Ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓe don hana danshi ba ta tare tururin fetur. Ana buƙatar shimfiɗa ta musamman mai jure mai, a liƙe gaɓoɓinta da duk inda bututu ya huda ta, a sa tsakuwa a ƙarƙashi da bututu mai huji-huji da zai fitar da tururin ta saman rufi. Bututun ruwa na roba, musamman baƙin nan mai lanƙwasa, fetur yana ratsa jikinsa ba tare da ya fashe ba, sai ruwan famfo ya riƙa ɗanɗanon mai. A kauce wa wurin da shi, ko a yi amfani da na ƙarfe a kwantar da shi cikin yashi mai tsabta. Kada a tona sokawe a wurin, domin ruwansa zai riƙa tura man ƙasa. Rijiyar burtsatse ita ce babbar kasada: idan aka huda ta cikin gurɓatacciyar ƙasa ba a toshe kewayen bututun da siminti tun daga sama har ƙasa da baƙin ba, an buɗe wa gubar hanya zuwa ruwan da unguwa duka ke sha. Turakun kankare masu zurfi ma suna iya yin haka.

Leburorin da za su yi kwashewar suna buƙatar dogon takalmin roba, safar hannu mai jure mai, da kayan aiki da za su tuɓe a nan su bari, ba su kai gida matansu su wanke tare da na yara ba. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi, sai mai kwanson gawayi da ake canzawa. A tanadi ruwa da sabulu, a ware wurin cin abinci nesa da ramin, a hana masu talla shigowa ciki. Ramin da ya wuce mita 1.2 a sa masa tsani, a tokare bangonsa ko a kwantar da shi. Waɗanda suka yi ciwon kai su ga likita, su faɗa masa abin da suka shaƙa.

Kafin a mayar da ciko, a sake ɗibar samfur daga gindin ramin da bangonsa huɗu, a jira sakamako. Wannan jiran na mako ɗaya ko biyu shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma bayan an zuba kankare ba sauran komawa. Cikon da za a kawo shi ma a san inda aka ɗebo shi, kada a fitar da ƙasar wani gareji a shigo da ta wani. Rahoton masanin, sakamakon gwaji, takardun tifofi da zanen inda aka bar raga, duk a haɗa su da takardun filin. Da su lauya zai duba ko kana da abin nema wurin wanda ya sayar maka, kuma ko a fiƙihu mai saye yana da zaɓi idan aka ɓoye masa aibin haja. Hukuncin nan zai hau kanka kai ma ranar da za ka sayar. Maƙwabtan da rijiyarsu ke kusa a faɗa musu tun yanzu su dakata da shan ruwan har sakamako ya fito, kuma su sani tafasawa ba ta cire dalma. A sake gwada rijiyoyin a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, lokacin da ruwan ƙasa ya hau ya taɓa inda man ya kwanta.